Waiwaye da Tafiya: Sakin Baya da Sabuntawar Ruhu a Koyarwar Kirista, Bisa Halin da Ikkilisiyoyin Arewa Suka Shiga

Tsakure

Akwai wa'azin da ya zauna daram a majami'unmu, musamman a daren shiga sabuwar shekara: a manta da abin da ya wuce, a fuskanci gaba. Takardar nan ta sake karanta nassoshin da ake kafa wa'azin a kansu, wato Ishaya 43 da Filibiyawa 3, tare da labarin Yusufu, sannan ta auna su da halin da Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta shiga daga 2014, da tarihin Fasto James Wuye na Kaduna, da kuma batun tubabbun mayaƙa. Matsayin takardar shi ne Littafi Mai Tsarki bai ɗora wa mai bi farillar mantuwa ba. Abin da ya nema shi ne a karɓe mulki daga hannun jiya, ta yadda mutum zai tuna, ya faɗi gaskiyar abin da ya faru, amma abin ya daina yanke masa hukuncin yadda zai rayu.

Gabatarwa

A daren 31 ga Disamba da wuya a sami majami'ar da ba ta cika ba, daga Wusasa zuwa Garkida, daga Kagoro zuwa Biliri. 'Yan Zumuntar Mata sun ɗaura zane iri ɗaya, mawaƙa sun gama nasu, sai mai wa'azi ya miƙe ya buɗe ɗaya daga cikin wurare biyu: ko Ishaya 43:18-19, inda aka hana Isra'ila riƙe al'amuran dā domin Allah na shirin yin sabon abu, ko Filibiyawa 3:13-14, inda Bulus ya ce ya bar abin da ke bayansa yana kutsawa gaba. Daga nan saƙon ɗaya ne: shekarar da ta wuce ta tafi da kayanta, kowa ya shiga sabuwa da wankakkiyar zuciya. Jama'a su amsa da amin, ƙarfe goma sha biyu ta buga, a rungumi juna.

Ba na zaton akwai mai wa'azin da ke faɗin wannan da mugun nufi, kuma mutane da yawa sun sami sauƙi ta wurinsa. Matsalar tana kan benci. A can akwai dattijon da ke kewar zamanin da majami'ar ƙauyensu take cika maƙil. Akwai saurayin da ya ci amanar maigidansa, har yau bai gaya wa kowa ba. Akwai kuma matar da aka kashe mijinta a gabanta, wadda ta san sunan wanda ya nuna gidansu. An ba su magani ɗaya, alhali cutarsu ba ɗaya ba ce. Saurayin zai fita yana murna, domin an ba shi lasin rufe abin da ya kamata ya tona. Matar za ta koma gida da nauyi biyu, ga ciwon rashi, ga zargin kai cewa bangaskiyarta ce ba ta kai ba tunda ta kasa mantawa.

Al'adarmu ma ta taimaka. Mukan ce abin da ya wuce ya wuce, mukan ce a bar kaza cikin gashinta, kuma “yi haƙuri” ita ce kalmar farko da ake tarar mai makoki da ita. Amma bakin da ya faɗi waɗannan shi ya ce waiwaye adon tafiya, shi ne kuma ya ce rama cuta ga macuci ibada. Mai bi yana tsakanin waɗannan muryoyi, kuma haƙƙin ikkilisiya ne ta gaya masa ainihin abin da Nassi ya ce.

Abin da nassoshin biyu suka ce

Ishaya 43 yana magana ne da mutanen da ke zaman bauta a Babila, bayan rushewar Urushalima a wajen shekara ta 587 kafin haihuwar Almasihu, gab da lokacin da Sairus na Farisa ya ci Babila a 539. Duk wanda ya fara karatu daga aya ta 16 zai ga abin mamaki. Kafin annabin ya ce kada a riƙe al'amuran dā, shi da kansa ya tuna musu da su: hanyar da aka buɗe cikin teku, da karusai da dawakan da suka nutse. Ke nan abin da ake cewa a saki ya haɗa har da babban ceton da suke taƙama da shi, fitowa daga Masar. Mutanen sun mai da wancan ceto ma'aunin ikon Allah, sun zauna suna cewa an yi abu a zamanin Musa, yanzu kuwa an rufe littafi. Annabin ya ce musu wanda ya busar da hanya a tsakiyar ruwa zai fitar da ruwa a tsakiyar hamada. Sura uku kacal bayan haka, a 46:9, annabin ya umarce su da su tuna da al'amuran dā. Wanda ya ɗauki aya ɗaya ya mai da ita dokar mantuwa, sai ya nemi yadda zai yi da ɗayar.

Wannan nassi, a ganina, ya fi shafar dattijon nan mai kewa. Muna da ikkilisiyoyin da har yau suke auna kansu da zamanin mishan, lokacin da asibitin Garkida da makarantun Waka suke tashe, kuma duk abin da matasa suka kawo sai a ce ba haka aka saba ba. Littafin Ezra 3:12-13 ya nuna irin wannan rana: an aza harsashin sabon Haikali, matasa na sowa, tsofaffin da suka ga na farko suna kuka, har aka kasa bambanta sowar da kukan. Kukan tsofaffin gaskiya ne, amma da an biye masa da ginin bai tashi ba.

Filibiyawa 3 ma haka take. Kafin Bulus ya yi maganar barin baya, ya jera abin da yake nufi a aya ta 4 zuwa 6: kaciyar rana ta takwas, kabilar Biliyaminu, Bafarisiye, marar aibu wajen kiyaye Shari'a. Galibin kayan da ya sauke kayan alfahari ne, asali da ilimi da suna. Laifinsa kuwa, wato tsananta wa ikkilisiya, bai taɓa daina ambatonsa ba. Ya faɗe shi a Galatiyawa 1:13, ya maimaita a 1 Korantiyawa 15:9, ya ba da labarinsa gaban taron Urushalima a Ayyukan Manzanni 22, har da tsayuwar da ya yi yana tsaron tufafin masu jifan Istifanas, ya sake bayarwa gaban sarki Agaribas a sura ta 26. Mutumin da ya manta ba ya haka. Abin da ya sauya shi ne labarin ya daina zama sarƙa a ƙafarsa, ya koma shaidar alherin da aka yi masa.

Za a iya kawo matar Lutu, wadda ta waiwaya ta zama umudin gishiri, kuma Yesu da kansa ya yi gargaɗi da ita a Luka 17:32. Sai dai a cikin surar nan ta Farawa 19, kashegari da sassafe Ibrahim ya tsaya ya dubi Saduma ɗin nan, ya ga hayaƙi na tashi, ba abin da ya same shi. Idanu biyu sun kalli wuri ɗaya. Ita ƙafarta ce ta fita, zuciyarta na cikin gari. Shi kuwa kallon mai roƙo ya yi wa garin da ya yi wa addu'a jiya.

Akwai hujjar da ta fi waɗannan duka ƙarfi a wurina, ita ce ibadar Kirista kanta. Jibin Ubangiji tunawa ne, kuma Bulus ya buɗe bayaninsa a 1 Korantiyawa 11:23 da ambaton daren cin amana. Shekara kusan dubu biyu ke nan ikkilisiya na ambaton sunan Bilatus a cikin shaidar bangaskiyarta. Almasihu da ya tashi daga matattu ya tashi da tabon ƙusoshi, da su kuma ya gamsar da Toma. Addinin da tsakiyarsa tuna kisan gilla ne ba zai iya cewa gwauruwa ta manta da nata ba. Ko alkawarin Irmiya 31:34, cewa Allah ba zai ƙara tuna zunubin mutanensa ba, maganar alƙali ce da ya rufe shari'a ya ce ba za a sake ta da ita ba. Masanin kome ba ya rasa sani.

Yusufu: shekara ashirin da biyu

Babu labarin da ya bi wannan al'amari daki-daki kamar na Yusufu. Yana da shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi, yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna, aka yi shekara bakwai na ƙoshi, kuma sai a shekara ta biyu ta yunwa ya bayyana musu kansa. Shekara ashirin da biyu ke nan. A tsakani ya haifi ɗansa na fari ya sa masa suna Manassa, yana cewa Allah ya mantar da shi wahalarsa da gidan ubansa. Masu wa'azi suna son wannan aya ƙwarai. Amma sura ta gaba ta nuna iyakar mantuwar: da ganin 'yan'uwansa ya gane su, mafarkansa na ƙuruciya suka dawo masa, ya yi musu magana da kaushi, ya juya baya ya yi kuka. Abin da Allah ya ba shi a Masar shi ne ikon yin aure da aiki da barci ba tare da ramin Dotan, inda 'yan'uwansa suka jefa shi, ya hana shi ba. Ramin kuwa yana nan a ransa.

A lura da abin da ya yi kafin ya rungume su. Ya tsare Saminu. Ya nemi a kawo Biliyaminu, ya fifita shi a wurin cin abinci a gaban idonsu, sannan ya sa aka ɓoye ƙoƙon azurfa a buhunsa. Ya sake shirya musu irin ranar da suka sayar da shi: ga ɗan Rahila, ga damar su bar shi cikin bauta su koma gida lafiya. Sai da Yahuza, wanda shi ya kawo shawarar sayarwa tun farko, ya miƙa kansa a madadin yaron, sannan Yusufu ya fashe da kuka ya faɗi sunansa. Ko a lokacin bai ce musu ba kome ba. Ya ce shi ne wanda suka sayar. Bayan rasuwar Yakubu, shekara goma sha bakwai da zuwansu Masar, tsoro ya sake kama su, suka aiko da roƙon gafara, shi kuma ya kira abin da suka yi mugunta ƙarara, ya ce Allah ne ya juya ta zuwa alheri, ya kuma ce shi ba a madadin Allah yake ba.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce zuciyar sakin baya. Yusufu yana da iko, yana da hujja, yana da kurkuku a hannunsa, amma ya sauka daga kujerar hukunci. Ya yafe tun kafin su san shi ne, shi ya sa ya mayar musu da kuɗinsu cikin buhuna. Amincewa kuwa sai da ya ga sauyi. Yafiya daban, amincewa daban, kuma haɗa su wuri ɗaya ya jawo wa masu bi wahala mai yawa. Mata nawa aka mayar gidan dūka da sunan yafiya, ba tare da an tambayi mijin ko me ya sauya ba?

Malaman ikkilisiya sun daɗe da ganin haka. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yau, ya rubuta littafin furcinsa a wajen shekara ta 397 zuwa 400, yana mutum mai shekara arba'in da 'yan kai, amma ya zauna ya tono har satar 'ya'yan itace da ya yi yana ɗan shekara 16. A kashi na goma ya lura cewa mutum na iya tuna baƙin cikin dā ba tare da baƙin cikin ya sake kama shi ba. A zamaninmu Miroslav Volf, masanin tauhidi ɗan Kuroshiya wanda jami'an sojan Yugoslabiya suka yi wa tambayoyin ƙuntatawa na watanni a 1984, ya rubuta littafi a 2006 kan yadda ake tunawa daidai: a tuna da gaskiya, kada a ƙara wa mai laifi abin da bai yi ba, kada kuma ciwon ya zama shi ne sunan mutum. Volf yana sa zuciya cewa a duniya mai zuwa muguntar ba za ta ƙara faɗo wa kowa a rai ba. Ina tare da shi a wannan bege, amma kyauta ce ta ƙarshen zamani, ba a mai da ita aikin gida ga wanda jininsa bai bushe ba.

Ekklesiyar 'Yan'uwa bayan 2014

An kafa aikin da ya haifi Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, EYN, a Garkida a 1923, ta hannun Stover Kulp da Albert Helser. Tushenta wata ɗariƙa ce da ta fara a Jamus a 1708, wadda tun asali ta ƙi ɗaukar makami. Mabiyanta Bura ne da Margi da Kilba da Kamwe da Kibaku da sauransu, kuma Hausa ce ke haɗa su a sujada. Wannan ikkilisiya ce rikicin Boko Haram ya fi daka. Daga cikin 'yan mata 276 da aka sace a Chibok daren 14 ga Afrilu 2014, mafi yawa 'ya'yan iyalanta ne. Ranar 29 ga Oktoba na shekarar aka mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanni da ɗaliban makarantar Baibul suka watse cikin daji, ofishin ya koma Jos na ɗan lokaci. Majami'u masu yawa sun ƙone, dubban ɗaruruwan mabiya sun bar gidajensu, wasu har sansanin Minawao a Kamaru. A Janairun 2020 aka kashe Rabaran Lawan Andimi na Michika bayan an yi garkuwa da shi.

Ikkilisiyar ba ta kafa rundunar ramuwa ba. Wannan sananne ne, kuma ana yabonta a kai. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne ba ta zaɓi mantuwa ba. Dakta Rebecca Dali, uwargidan shugaban ikkilisiyar na lokacin, Rabaran Samuel Dali, ta bi sansani-sansani tana rubuta sunayen waɗanda aka kashe da waɗanda aka sace, dubbai, kowa da garinsu. Ikkilisiyar salama ce take tara sunaye, domin wanda ba a rubuta sunansa ba kamar an kashe shi sau biyu ne. Haka kuma tarurrukan warkar da raunin zuciya da aka riƙa yi wa 'yan gudun hijira, bisa tsarin da aka aro daga Ruwanda da Burundi, ba su farawa da maganar yafiya. Ana fara bayyana wa mutum cewa rashin barci, da firgita in ƙofa ta bugu, da saurin fushi da 'ya'ya, ba rashin bangaskiya ba ne, halin jiki da zuciya ne bayan tashin hankali. Sai a ba shi fili ya faɗi abin da ya rasa, ya yi kuka a gaban mutane. Daga baya ake zuwa batun fushi, sannan yadda za a sake gina amincewa. Gyambon da aka rufe ba a wanke ba, ruɓa yake yi a ƙarƙashin tsumma.

Wannan tsari ya fi kusa da Littafi Mai Tsarki fiye da wa'azin daren sabuwar shekara. Kaso mai yawa na Zabura kuka ne da ƙorafi. Zabura 88 ta ƙare ba tare da haske ba, Zabura 137 ta ƙare da fushin da ke sa mai karatu ya sunkuyar da kai, kuma akwai littafi sukutum mai suna Makoki. Allah ya bar su a cikin littafinsa. Mu ne muka cire su daga sujada, muka bar waƙoƙin nasara kaɗai, sai mai baƙin ciki ya rasa bakin da zai yi addu'a da shi. Fushin da aka kai gaban Allah ya fi wanda aka haɗiye aminci, domin haɗiyayyen yakan fito ta wani wuri: kan mata, kan yara, ko kan maƙwabci Musulmi da bai san hawa ba bai san sauka ba. A Gurku ta jihar Nasarawa, inda wani ɗan EYN, Markus Gamache, ya jagoranci kafa matsugunin da Kirista da Musulmi 'yan gudun hijira suke zaune tare, abin da ya haɗa mazauna shi ne kowa ya san abin da ya kori ɗan'uwansa daga gida.

Hannun Fasto Wuye

James Wuye yana cikin jagororin matasan Kirista masu ɗaukar makami a Kaduna, kuma ya rasa hannunsa na dama a rikicin da ya biyo bayan na Zangon Kataf a 1992. A rikicin ne Imam Muhammad Ashafa, da ke ɗaya ɓangaren, ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. An haɗa su a 1995, suka fara aikin da ya zama cibiyarsu ta sasanci tsakanin addinai. Abin da ya sa labarin ya shigo takardar nan shi ne furcin da Wuye ya sha yi a bainar jama'a: cewa shekaru bayan sun fara tafiye-tafiye tare, suna kwana ɗaki ɗaya, tunanin halaka abokin nasa bai bar shi ba, sai da wani mai wa'azi ya gaya masa ba zai iya shelar Almasihu da ƙiyayya a ciki ba. Ashafa ma ya ce huɗubar Juma'a kan yafiya ce ta karya nasa ƙudurin.

Ke nan ƙafa ta riga zuciya. Wuye ya yanke shawarar barin ramuwa, ya yi aiki da shawarar, zuciyar ta biyo baya a hankali. Wannan ta'aziyya ce ga mai bin da ya ce “na yafe” da gaske, kashegari ya tashi ya tarar da ɗacin yana nan. Mai yiwuwa dalilin da ya sa Yesu ya ba Bitrus lissafin yafiya marar iyaka a Matiyu 18 ke nan, domin laifi ɗaya ma yakan buƙaci a yafe shi sau da yawa. Hannun kuwa bai dawo ba. Na roba yake sawa, kuma duk inda ya tsaya yin magana shi ake fara gani. Aikinsu ma bai zama sihiri ba. Shugabannin addini sun sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a Agustan 2002, a Nuwamba garin ya sake kamawa da wuta. Suka ci gaba, har suka shiga tsakanin mutanen Yelwa da Shendam bayan kashe-kashen 2004, aka kai ga sulhu a 2005.

Mai laifi, da batun tubabbu

Saura saurayin nan da ya ci amana. Game da mai laifi muna yin kuskure iri biyu masu karo da juna. Yarinyar da ta yi ciki a gida ana sa ta ƙarƙashin horo, ta zauna bencin baya, ta tuba, a karɓe ta. Amma bayan shekara goma, in aka zo zaɓen shugabar zumunta, sai wani ya yi tari ya ce a tuna fa. Yesu bai yi wa Bitrus haka ba. Ya tambaye shi sau uku a bakin wutar gawayi, daidai da musun da ya yi sau uku a bakin wata wutar, yana gamawa ya danƙa masa garke. Babban mutum kuwa da ya cinye gonar marayu, ya isa ya ba da baiko mai tsoka a ce abin da ya wuce ya wuce. Muna tunawa inda ya kamata mu saki, muna mantawa inda ya kamata mu tambaya.

Ƙasa ma haka take yi. Hukumar gaskiya da sulhu ta Afirka ta Kudu, ƙarƙashin Akbishop Desmond Tutu, ta fara zama a 1996 da sharaɗin cewa ba afuwa sai an faɗi gaskiya duka. Sama da mutum 7,000 suka nema, 849 suka samu. A Nijeriya kuwa an kafa kwamitin Oputa a 1999, Matthew Hassan Kukah na sakatarensa, mutane suka zo suka yi kuka a gaban kyamara, aka miƙa rahoto a 2002, gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba.

Yau tambayar ta iso ƙofar majami'a. Tun 2016 gwamnatin tarayya ke gudanar da shirin sauya tunanin mayaƙan da suka miƙa wuya, da sansani a Malam Sidi ta jihar Gombe, kuma bayan mutuwar Abubakar Shekau a 2021 dubbai sun fito daga daji da iyalansu. Ana mayar da wasu cikin garuruwa, wani lokaci da jarin sana'a, alhali waɗanda suka kora suna sansani. Me fasto zai ce wa mabiyansa?

Ba zai ce tuba ba ta yiwuwa ba, domin kaso mai tsoka na Sabon Alkawari tubabben mai tsanantawa ne ya rubuta shi. Kuma cikin masu fitowar akwai waɗanda aka sace suna yara, da matan da aka aurar dole, da jariran da aka haifa a daji. Waɗannan namu ne, kuma ƙyamar da ake nuna musu zunubi ce da ya kamata a kira ta da sunanta daga kan bagade. Amma Ayyukan Manzanni 9 ya nuna yadda ikkilisiyar farko ta karɓi Shawulu, wato Bulus. Hananiya ya karanta wa Ubangiji tarihin mutumin, ba a tsawata masa don ya tuna ba, aka ba shi dalili, ya tafi ya kira shi ɗan'uwa. Almajiran Urushalima suka ji tsoronsa har sai da Barnaba ya tsaya masa da shaidar abin da ya yi a Dimashƙu, kuma bisa Galatiyawa 1:18 shekara uku ta wuce kafin wannan ziyara. Zakka ma, da ceto ya shiga gidansa, aljihunsa ya fara taɓawa: rabin dukiya ga matalauta, ninki huɗu ga wanda ya zalunta. Saboda haka ikkilisiya tana da hurumin neman abin da Nassi ya nema. Tubabbe ya faɗi inda aka binne mutane da inda aka kai 'yan mata. Shanu da gonakin da ake iya mayarwa a mayar. Hukuma ta yi aikinta na shari'a, tunda Romawa 12 da ta hana mai bi ramuwa ita ce ta wuce kai tsaye zuwa sura ta 13 da ta ba mahukunta takobi.

Game da matar nan da aka kashe mijinta kuwa, babu wanda ya isa ya yafe a madadinta, ko fasto ko gwamna, kuma babu wanda ya isa ya sa mata ranar ƙarshe. Aikin ikkilisiya shi ne ta zauna da ita, ta biya kuɗin makarantar 'ya'yanta, ta ci gaba da nuna mata hanyar da Yusufu ya bi, domin riƙo yana cin mai shi kuma Almasihu yana son ta sami 'yanci. A wasu wurare akan ce wanda bai yafe ba kada ya matso teburin Jibi, sai ka ga gwauraye ne ke zaune a baya, waɗanda suka cuce su kuwa suna sahun gaba. Matiyu 5:23-24 ya ɗora nauyin ne a ɗaya wajen: wanda ya tuna ɗan'uwansa yana da ƙara a kansa, shi aka ce ya ajiye baikonsa gaban bagade ya tafi neman sulhu tukuna. Kamata ya yi makarantunmu na Baibul su koya wa masu shirin zama fastoci su fara aika saƙon daren 31 ga Disamba zuwa ga wannan mutum, tun kafin su juya ga gwauruwar.